Mai Cin Gadon Kunkuru

Masu iya magana sun ce faɗuwar wani tashin wani. Mun saba jefa wannan karin magana a kan 'yan kasuwa da masu neman sarauta, to amma idan ana neman wanda maganar ta zauna wa daram, sai an ƙetare teku an je jihar Filorida ta ƙasar Amurka. A can, cikin rairayin da ke shimfiɗe tsakanin Tekun Atilantika da Mashigin Tekun Meziko, akwai wani ɗan ƙaramin asu wanda ba a san shi da wani abinci a duniya ba sai ƙoƙon bayan mataccen kunkuru. Ba kuma kowane kunkuru ba, iri ɗaya tak. Masana suna kiransa Ceratophaga vicinella, mu kuwa a nan za mu kira shi asun kunkuru. Mun ga ya dace mu kawo wa mai karatu labarinsa ne domin ya warware mana wata fahimta da muka daɗe da ita, wato cewa mai cin mushe shi ne mai riba duk lokacin da mutuwa ta yi yawa.

Kafin mu yi nisa, bari mu fara da wanda muka sani. A bakin Bahaushe, duk ƙwaron da ya shiga adaka ya ɓula tufa sunansa asu. Kowa ya taɓa ganin aikinsa a jikin bargon ulu, ko buzu, ko jar dara da aka ajiye aka manta ba a sa mata kafur ba. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, ɗan ƙwaron nan mai fiffike da yake tashi idan an kakkaɓe tufar, ba shi ne ya yi ɓarnar ba. Shi asun gida, da zarar ya yi fiffike ya gama cin abinci a duniya, bakinsa ma ba ya da amfani, aikinsa kawai ya nemi abokin barbara, mace ta zuba ƙwai, su mutu. Mai cin tufa ita ce tsutsar da ta fito daga ƙwan. Ita ce za ta ci ta ƙoshi, ta saƙa wa kanta kwanso ta kwanta a ciki, sa'an nan ta fito da fiffike. Haka rayuwar malam-buɗe-littafi take, domin kuwa danginsu ɗaya, kuma ire-irensu da masana suka ƙidaya sun haura 150,000.

To, kusan dukkan wannan taro ganye suke ci, ko fure, ko 'ya'yan itace. Gidan su asu, wanda masana ke kira Tineidae, mai ire-ire sama da 3,000, su ne suka saki hanya. Da yawansu fumfuna suke ci da ruɓaɓɓen itace, wasu kuwa suka koma ga gashi da fata da gashin tsuntsu. Tun kafin ɗan Adam ya san saƙa, suna nan cikin sheƙar tsuntsaye, da ramukan namun daji, da ƙullin gashi da ƙashi da mujiya ke amayarwa bayan ta haɗiye ɓera. Ashe ke nan asu bai san wata riga ba. Shi dai ya ga gashin tunkiya an ajiye masa cikin duhu, babu tunkiyar a ciki, ya ɗauka mushe ne ya hau aikin kakanninsa.

Abin da ya haɗa gashi da ulu da farce da kofato da ƙaho da baƙin tsuntsu da ɓawon bayan kunkuru shi ne wani sinadarin furotin da ake kira kiratin. Ƙarfinsa kuwa ya samo asali ne daga farar wuta da ke cikinsa, wadda take ɗaure zaruruwansa da juna kamar yadda ake ƙulla raga. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin babbakar kan rago ya shaƙi ƙaurin wannan farar wuta. Saboda wannan ƙulli ne ruwa ba ya narkar da kiratin, ruwan cikin yawancin dabbobi ma ba ya iya masa. Shi ya sa kura, wadda take tauna ƙashi ya narke a cikinta, takan amayar da gashi da kofato. Shi ya sa kuma ƙahon wanzami yakan yi shekaru ana aiki da shi bai ruɓe ba. Masu iya narkar da shi a cikin halittu 'yan ƙalilan ne: wasu ƙwayoyin bakteriya da fumfuna, da ƙwarƙwatar tsuntsaye, da wasu ƙwari masu cin busasshiyar fata, sai kuma tsutsar asu. Ita hanjinta babu iskar oksijin sosai a ciki, kuma yana da sinadaran da ke kwance ƙullin farar wutar tukuna, sa'an nan a narkar da abin da ya saura. Bugu da ƙari, ba ta bukatar shan ruwa, domin jikinta yana tatso ɗan ruwan da take bukata daga abincin da ta ci.

Wannan baiwa ita ce ta ba asu gurbinsa a layin masu raba gawa. Wani likitan dabbobi na sojan Faransa, Jean Pierre Mégnin, ya wallafa littafi a 1894 inda ya nuna cewa ƙwari ba sa taruwa a kan gawa gaba ɗaya, ayari-ayari suke zuwa, ya kuma kasa su kashi 8 ga gawar da ke fili. Ƙudaje ne a gaba, tun jiki da ɗumi. Bayansu masu son kitsen da ya fara tsami, da masu son ruɓa, haka dai har zuwa lokacin da komai ya bushe, ba sauran abin da ya rage sai fata da gashi da jijiya. A nan ne asu yake isowa, kusan a ƙarshen layi, lokacin da ko wari babu. Ungulu ba ta jewar banza, amma ko ita ta daɗe da tashi kafin nan. Abin da kowa ya taɓa ya ga ba zai ciwu ba, shi ne rabon asu.

Daga cikin masu wannan sana'a, babu wanda ya kai zuriyar Ceratophaga ƙwarewa. Sunan daga harshen Girka ne, ma'anarsa mai cin ƙaho. Akasarin 'yan wannan zuriya a nahiyarmu ta Afirka suke, kuma wanda aka fi sani shi ne Ceratophaga vastella. Masu shiga dazuzzukan gabashi da kudancin Afirka sukan ci karo da ƙwaryar kan ɓauna a yashe, ƙahoninta sun fitar da waɗansu abubuwa kamar gajerun yatsu masu launin ƙasa, cunkus, sai ka ce saiwoyi ne suka tsiro. Waɗannan bututu ne da tsutsotsin suka gina da zaren bakinsu haɗe da kashinsu, suna ɓoye a ciki suna ƙwaƙular ƙahon har ya zama holoƙo. Ɗaya tak daga cikin zuriyar aka sani a nahiyar Amurka, shi kuma maimakon ƙaho sai ya kama kunkuru.

Ya kamata mu san ƙasar da wannan kunkuru yake, domin in ba a san ta ba labarin ba zai zauna ba. Kudu maso gabashin Amurka shimfiɗaɗɗen fili ne na bakin teku, mai farin rairayi wanda ba ya riƙe ruwa, irin ƙasar da za mu kira jigawa. Ko tudun da ya ratsa tsakiyar Filorida, wanda a yau yake nesa da ruwa, tsohon bakin teku ne, tun zamanin da teku ya fi haka cika. A wannan ƙasa ce kunkurun da masana ke kira Gopherus polyphemus yake zaune, daga kudancin Karolina ta Kudu, ya bi ta Jojiya da Filorida da Alabama da Misisifi har gefen Luwiziyana, tun daga tuddan rairayi na gaɓar teku zuwa dajin cikin ƙasa. Girmansa bai wuce na madaidaiciyar ƙwarya ba. Ƙafafunsa na gaba faffaɗa ne kamar shebur, da su yake haƙa rami wanda tsawonsa kan kai mita 4 zuwa 5, zurfinsa kamar mita 2, wani ma ya zarce mita 12 a tsawo.

Ramin nan zaure ne na kowa da kowa. Masana sun ƙidaya halittu sama da iri 350 da ke fakewa a ciki: kwaɗi, da ɓeraye, da wata mujiya mai kwana a ƙasa, da wani baƙin maciji marar dafi mai sheƙi kamar an rina shi da shuni, wanda ya fi duk macizan asali na ƙasar tsawo. Akwai buzuzun da bai san wani kashi ba sai na wannan kunkuru, akwai kuma wani asun daban da ke zaune cikin ramin. Dalilin wannan cinkoso shi ne, cikin ramin zafi ba ya tsanani, sanyi ba ya tsanani, sa'an nan daji ne mai yawan gobara. Tsawa kan tayar da wuta duk bayan 'yan shekaru ta cinye ciyawa, kuma idan ta taso duk mai rai ramin kunkuru yake nufa. Wutar ma alheri ce ga kunkurun, domin ita ce ke hana daji rufewa, rana ta sami isa ƙasa, ciyawar da yake ci ta tsiro. Yana raye yana ba da masauki, ya mutu kuma ga mai jiran gado.

Ƙoƙon kunkuru hawa biyu ne. A ciki ƙashi ne, wanda ya haɗe da haƙarƙari da ƙashin baya. A waje kuma akwai ɓawo falle-falle na kiratin, shi ne mai zanen nan da muke gani. Idan kunkuru ya mutu a fili, ƙudaje da tururuwa da sauran masu rabo suka gama da naman, sai macen asu ta zo ta zuba ƙwai. Ita kanta ba abar kallo ba ce: 'yar ƙarama, baƙa-baƙa mai ruwan ƙasa, da ɗan ɗigon fari a fiffike, da tukkun gashi mai ruwan madara a ka. Tsutsotsin da suka ƙyanƙyashe taro suke ci. Sukan saƙa bututu na zare daga jikin ƙoƙon su nutsa da shi cikin rairayi, bututu a kan bututu, har sai ƙoƙon ya kafu a ƙasa kamar an ɗaure shi da turke. Hikimar abin a fili take. Rairayin Filorida da tsakar rana ba wurin zaman tsutsa ba ne, ga kuma ƙwari masu farauta, saboda haka ta sami ɗaki a ƙasa, rumbu a sama, da rufaffiyar hanya a tsakani. Idan suka gama, abin da zai rage farin ƙashi ne, shi kuwa kiratin ya koma ƙasa a matsayin taki, a ƙasar da take da ƙarancin taki ƙwarai.

Wani masanin ƙwari mai suna William Dietz ne ya raɗa wa wannan asu suna a 1905. Amma cikakken bayanin yadda tsutsar take rayuwa sai a 2005 ya fito, daga hannun Mark Deyrup na cibiyar binciken halittu ta Archbold da ke kan wancan tudu na tsakiyar Filorida, da Nancy Deyrup, da Thomas Eisner na Jami'ar Cornell, da Maria Eisner. Shekara 100 cif ke nan tsakanin raɗin suna da sanin hali. A Filorida da Misisifi aka fi samun labarinsa.

Yanzu sai mu zo ga lissafi, wanda shi ne gundarin maganarmu. Wannan kunkuru yakan yi shekara 40 zuwa 60 a daji. Mace ba ta fara ƙwai sai ta yi shekara 10 zuwa 20, sa'an nan sau ɗaya take yi a shekara, galibi ƙwai 5 zuwa 9, kuma mafi yawansu namun daji ne ke tonewa su shanye. Wanda ya tsira ya girma kuwa, ba kasafai yake mutuwa ba. Ka ga ke nan a cikin garke guda, manyan da za su mutu a shekara 'yan kaɗan ne, cikin kaɗan ɗin ma sai wanda ajali ya riske shi a fili, inda asu zai iya kaiwa gare shi. Shi kuwa asu rayuwarsa gajera ce, fiffikensa ƙarami. Idan ya fito daga wannan ƙoƙo, tilas ne a sami wani sabon ƙoƙon kusa, a kuma cikin 'yan kwanakin da yake da su. Kafin a tabbatar masa da haka shekara bayan shekara, sai kunkuru masu rai sun yi yawa, a fili mai faɗi wanda bai yanke ba. Mai cin gado, ashe, ya fi kowa bukatar gidan ya yi albarka.

Mai karatu zai iya cewa, to ai idan annoba ta faɗa wa kunkuru, kakar asu ta yanke saƙa. Akwai kuwa irin wannan annoba, wata cutar numfashi da ƙwayar bakteriya ke kawowa, wadda aka danganta da mutuwar kunkuru masu yawa a wasu wurare na Filorida. Gaskiya ne za a yi biki, amma na shekara ɗaya ko biyu. Bayan nan ƙoƙunan sun ƙare, waɗanda za su mutu a gaba sun riga sun mutu, ƙananan kuma sai an jira su shekaru. Daidai yake da magajin da ya yanka garken shanu a rana ɗaya.

Abin takaici, gidan ya daɗe yana raguwa. Dajin itacen fayin mai dogon ganye, wanda shi ne babban mazaunin kunkurun, a da ya mamaye kimanin eka miliyan 90 daga Bajiniya zuwa Tekzas. Zuwa shekarun 1990 abin da ya rage bai wuce eka miliyan 3 da ɗoriya ba, saboda sara da noma da hana gobara, ko da yake an farfaɗo da wani abu daga baya. A zamanin karayar tattalin arziki na shekarun 1930 talakawa sun ci namansa sosai, har suna yi masa laƙabi da kazar Hoover, wato shugaban ƙasar na farkon wannan matsi. Mutanen Filorida ba su kai miliyan 3 ba a 1950, amma ƙidayar 2020 ta same su sun haura miliyan 21, kuma busasshen tudun da kunkuru ke so shi ne mai gini yake so. Daga 1991 zuwa 2007, dokar jihar ta yarda mai gini ya biya kuɗi ya karɓi takardar izini, katafila ta bi ta kan ramuka da masu su a ciki. Dubun-dubatar kunkuru aka ba da izinin binnewa ta haka. Waɗannan ko asu bai gaje su ba, domin ƙoƙon da ke ƙarƙashin kwalta ba ya ciyar da kowa. Haka ma wanda mota ta murƙushe a titi. A bakin teku kuma har gargaɗi hukuma ta yi wa masu yawon shan iska, saboda wasu kan tsinci ɗan kunkurun su zaci na ruwa ne su jefa shi teku da nufin taimako, alhali bai iya iyo sosai ba.

Ba za mu ce an naɗe hannu ba. Gwamnatin tarayya ta sa kunkurun da ke yammacin yankin cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana tun 1987. Filorida ta yi haka a 2007, ta kuma wajabta a kwashe su a sauya musu wuri kafin a yi gini. A 2022 Hukumar Kula da Kifi da Namun Daji ta Amurka ta yanke cewa na gabashin yankin ba su kai ga bukatar kariyar tarayya ba. Sai dai duk wannan ƙidaya ta masu rai ce. Ana iya ajiye kunkuru 50 a wani shingen fili su rayu shekaru, a rubuta a takarda an yi nasara, alhali gawarsu ba ta isa ta riƙe asu ba. Idan an ɗauki kunkuru a mota an kai shi sabon wuri, ba a ɗaukar magajinsa tare da shi.

An taɓa ganin irin wannan. A 1987 aka kama ta ƙarshe daga cikin wata ƙatuwar ungulu ta Kalifoniya da ke daji, lokacin duka-duka guda 27 suka rage a duniya, aka tsare su domin a hayayyafa su. Cikin kulawar da aka yi musu har da sa musu maganin ƙwari. Ungulun ta tsira, an ma mayar da ita daji, amma wata ƙwarƙwata da ba ta zama a jikin kowane tsuntsu sai nata, ba a sake ganinta ba. Hannun masu ceto ne ya gama da ita. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, wani lokaci ma Awe yake fara ci, ba wanda ya ji labari.

To, ina ruwanmu da asun da ba mu taɓa gani ba, a ƙasar da yawancinmu ba za mu taka ba? Ba za mu yi wa mai karatu alkawarin cewa akwai magani ko kuɗi a cikinsa ba, duk da cewa masana suna nazarin yadda halittu ke narkar da kiratin, saboda tarin gashin kaji da mayanka ke zubarwa. Dalilinmu ya fi wannan sauƙi. Samun asun kunkuru a wani daji shaida ce cewa a wurin kunkuru suna ƙyanƙyashewa, su girma, su tsufa, su mutu a fili, kuma an yi shekaru masu yawa ana haka ba yankewa. Mai ƙidayar ramuka zai gaya maka yawan waɗanda suke nan yau. Asu kuwa labarin shekarun baya yake bayarwa, kuma ba a iya ba shi toshiyar baki.

Sa'an nan akwai halinmu na ƙyamar mai aikin ƙazanta. Mukan so zaki da giwa da dawisu, mu kau da kai daga masu share fage bayan an watse. Waɗanda suka manyanta a cikinmu sun san lokacin da ungulu ke cika mahauta har sai an kore ta da sanda, sun kuma san yadda ta yi wuyar gani a garuruwa da dama, har ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa irin tamu ta cikin gari a jerin masu dab da ƙarewa a 2015. Ita ungulu babba ce, a sama take, amma sai da ta kusa tafiya muka ɗaga kai. Ina kuma ga wanda yake ƙarƙashin ƙoƙo, cikin rairayi?

Masu kula da dazuzzukan Filorida suna da doka a kan wannan kunkuru, wadda ta hana kama shi ko mallakar wani sashe na jikinsa ba da izini ba, har da ƙoƙon mataccensa. An yi ta ne domin kare kunkuru daga masu fakewa da tsintuwa, amma asu ya ci albarkacinta. Wanda duk ya ga farin ƙoƙo a daji, can ko a nan, ko ƙaho a yashe, hannunsa yakan yi ƙaiƙayin ɗauka ya kai gida ya yi ado da shi, yana ganin ai ba shi da mai shi. Kafin ya ɗauka, ya dace ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinsa tukuna.